Renji: kilomita 700 ɗin motar lantarki ba na hanyar Abuja ba ne

Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, hirar motar lantarki ta shigo majalisun Kaduna, kuma kalmar da ta fi yawo a bakin mutane yanzu ita ce renji. Duk sabuwar motar da kamfani ya ce tana nan tafe, musamman masu ƙofa huɗu da but a baya da muke ce wa salun, abin da ake fara shelantawa shi ne renjinta: kilomita 600, 700, har 800. A karanta a rediyo, dillalai su watsa a WhatsApp, sai ka ji mutum yana lissafin zai je Abuja ya dawo, ya zarce Kano, duk a caji ɗaya. Wannan lissafin ne yake damuna, domin da shi mutane za su zuba miliyoyinsu.

Renji shi ne nisan da mota za ta ci daga cikar batir zuwa ƙarewarsa, wannan kowa ya gane. Inda gizo ke saƙa shi ne, ba a kan titi aka samo lambar ba. A ɗakin gwaji ake ɗora tayoyin motar a kan wasu ganguna masu juyawa, a bi tsararren jadawali na gudu da tsayawa, kuma jadawalin ba iri ɗaya ba ne a duniya. Shi ya sa a gefen lambar za ka ga 'yan haruffa ƙanana da mai karanta talla ke tsallakewa. In ka ga CLTC, gwajin ƙasar Sin ne: zagayen minti 30, matsakaicin gudunsa kusan kilomita 29 a awa, wato tafiyar cikin gari mai yawan tsaye-tsaye. WLTP na Turai shi ma minti 30 ne, amma matsakaicinsa ya kai kusan 46, kuma yana taɓa 131. EPA na Amurka ya fi su rowa, domin bayan gwaji akan zaftare kusan kashi 30 cikin ɗari kafin a buga lambar. A gwajin Sin da na Turai AC a kashe yake, zafin ɗakin kuma wajen digiri 23. Wanda ya san Kaduna a watan Afrilu ya san ba haka ake tuƙi a nan ba.

Ɗauki BYD Seal, salun ɗin lantarki ta kamfanin BYD na ƙasar Sin, mai babban batir. A Sin an tallata ta da kilomita 700, a Turai kuma 570. Batirin nan ɗaya ne, kilowat-awa 82.5. Kilomita 130 sun ɓace ba tare da an kwance ko noti ɗaya ba, ma'aunin kawai aka canja.

Kilowat-awa ɗin nan ba baƙon abu ba ne, shi ne yunit ɗin da kake saya a mitar gidanka. Batirin Seal yana ɗaukar yunit 82 da rabi. Masu cewa "batir mai kilowat 82" suna haɗa abu biyu ne: kilowat ƙarfin inji ne ko saurin caja, kilowat-awa kuma yawan wutar da aka tara. Da zarar ka riƙe yunit a kanka, lissafin renji ya dawo hannunka. Kafin yunit 82.5 ya kai mota kilomita 700, sai ta sha ƙasa da yunit 12 a kowane kilomita 100. Salun mai nauyin kusan tan biyu ba ta yin haka a babbar hanya.

Bari mu hau hanyar. Daga Kaduna zuwa Abuja, ta Kateri da Jere da Tafa har Zuba ka shiga gari, kusan kilomita 190 ne, zuwa da dawowa 380. Direbanmu in ya samu hanya 120 yake takawa, gilashi a rufe, AC na aiki, ga iyali ga kaya a but. A irin wannan gudun, a ƙiyasta mota mai wannan girman za ta sha yunit 20 a kilomita 100, wani lokacin ma fiye. Raba 82.5 da 20, ka samu kilomita 410 da 'yan kai. Kuma ba mai hankalin da zai bari batir ya sauka sifili a dajin Rijana, dole a bar kashi 10 a ajiye. Saura yunit 74, kilomita 370 ke nan. Motar da aka ce maka tana yin 700 ba ta kai ka Abuja ta dawo da kai ba, balle zirga-zirgar da za ka yi a can. Kano kuwa, mai kusan kilomita 230, ba a ma maganar dawowa sai an yi caji.

Dalilin iska ne. Turjiyar iska ba ta tafiya kafaɗa da kafaɗa da gudu: in ka ninka gudu biyu, ita sai ta ninka huɗu. Sauka daga 120 zuwa 100 kawai yana iya mayar da shan wutar wajen yunit 17, wanda zai ba ka sama da kilomita 430 daga yunit 74 ɗin nan. Bambancin isa gida da kwana a Kakau, gab da shiga Kaduna, ke nan.

A nan ne tsofaffin direbobi ke ruɗewa, kuma ban ga laifinsu ba. Shekara da shekaru sun san motar fetur ta fi shan mai a cikin gari, doguwar tafiya ce ke sauƙaƙa mata. Motar lantarki akasin haka take. In ta tsaya a cunkoson Kawo injinta ba ya shan komai, in ka ɗaga ƙafa ko ka taka birki kuma injin yana juyewa ya zama janareta, ya mayar da wani kaso na wutar cikin batir. Mai zirga-zirga tsakanin Barnawa da Unguwar Rimi zai iya ganin abin da ya yi kusa da lambar Turai. Abin lura a gari shi ne AC, don shi da awa yake ci, ba da kilomita ba: yunit ɗaya zuwa uku a kowace awa gwargwadon zafi, ko motar na tafiya ko tana tsaye.

A ganina dillalin da ya faɗi lambar CLTC bai ambaci haruffan ba, bai yi wa mai saye adalci ba, ko da lambar daga kamfani ta fito. Mai saye ya nemi abu uku a rubuce: wane ma'auni ne, yunit nawa ne ake iya amfani da su a batirin, yunit nawa take sha a kilomita 100. Don babbar hanya, a cire kusan kashi 40 daga lambar Sin, kusan kashi 25 zuwa 30 daga ta Turai. Kada kuma a yarda da lambar da ke gaban sitiyari kai tsaye. Wasu motocin Sin suna da zaɓi biyu, ɗaya yana nuna lissafin ɗakin gwaji, ɗaya yana bin yadda kake tuƙi. A sa na biyun. Taya mai ƙarancin iska, manyan rim na ado da tsufan batir duk suna ƙara rage nisan.

Sai maganar cikawa, don renjin dawowa ba ya kai na tafiya. Cajar gaggawa tana sauri ne daga kashi 10 zuwa 80, daga nan sai ta ja ƙafa don kare batir, shi ya sa matafiyi yakan cire a 80. Abin da ke hannunsa tsakanin 80 da 10 yunit 58 ne, kusan kilomita 290 a gudun 120. Wannan ma sai in bakin cajar ya shiga. Motar da aka ƙera don kasuwar Sin tana zuwa da baki samfurin GB/T, ta kasuwar Turai kuma CCS2, kuma ɗaya ba ya shiga ɗaya sai da adafta. A buɗe murfin cajin a duba kafin a biya kuɗi. A gida, caja mai kilowat 7 tana buƙatar layinta daban mai ɗaukar amfiya 32 da wayar ƙasa (earth) mai kyau, ta cika wannan batirin cikin kusan awa 12 in wuta ta tsaya. Soket ɗin bango kuwa sai ya haura awa 30.