Farfaɗiya ba a ɗaukarta ta miyau

Jama'a don Allah mu bar gudun mai farfaɗiya. Har yau a Gusau ko Kaura Namoda in mutum ya faɗi kasuwa sai kowa ya watse wai miyaunai na yaɗa ciwon, wallahi ba haka ba ne, ciwon ƙwaƙwalwa ne, yakan biyo bayan buguwa a kai ko sanƙarau ko wahalar haihuwa. Kuma tsoron ga ba namu ba ne kaɗai, a Ingila sai 1971 aka gyara dokar da ta yarda a raba aure saboda farfaɗiya. Hukumar lafiya ta duniya ta ce mutum kusan miliyan 50 ke da ita a duniya, kuma kashi 70 cikin ɗari magani na iya tsayar masu da faɗuwar. In mai farfaɗiya ya faɗi ka janye shi daga wuta, ka kwantar da shi ta gefe, kar ka cusa mishi cokali a baki.