Waiwaye: UC-5, Ƙaramin Jirgin Nutso Na Jamus Da Ya Dasa Nakiya A Ƙofar Ingila

Da sojojin Jamus suka kama gaɓar tekun Beljiyam a watan Oktoba na 1914, a farkon Yaƙin Duniya na Ɗaya, sai suka sami abin da sojojin ruwansu suka daɗe suna marmari: tashar Bruges da ke can cikin ƙasa, da mashigai biyu da suka haɗa ta da teku, ɗaya a Zeebrugge ɗaya a Ostend. Daga nan zuwa bakin Kogin Thames, inda jiragen kaya ke tururuwar shiga Landan, tafiyar dare ɗaya ce da 'yan sa'o'i. Sai dai ruwan wurin ba shi da zurfi, ga tuddan rairayi ko'ina, babban jirgin nutso ba ya sakewa a cikinsa. Saboda haka a watan Nuwamba na 1914 aka ba da kwangilar ƙera ƙananan jiragen nutso 15 waɗanda aikinsu ɗaya ne tak, dasa nakiya. Kamfanin Vulcan na Hamburg ya ƙera goma, kamfanin Weser na Bremen ya ƙera biyar. UC-5 yana cikin na Hamburg, aka kuma shigar da shi aiki a watan Yuni na 1915.

Girman jirgin ba buƙatar yaƙi kaɗai ce ta yanke shi ba, har da hanyar jirgin ƙasa. An tsara waɗannan jirage yadda za a raba su gida-gida, a ɗora kan taragai, a kai inda ake so a sake haɗawa. Shi ya sa tsawonsa bai wuce mita 34 ba, faɗinsa mita 3 da 'yan kai, nauyinsa tan 168 a saman ruwa. Mutum 14 ke cikinsa. Injin dizal ɗaya ne mai ƙarfin doki 90, sai injin lantarki na tafiyar ƙarƙashin ruwa, farfela kuma ɗaya. Gudunsa a sama bai kai kilomita 12 a awa ba, a ƙarƙashi kuwa bai cika 10 ba, kuma batirinsa ba ya kai shi fiye da kusan kilomita 90 kafin ya taso ya yi caji. Ba ya da tofido, wato makamin da ake harba wa jirgi ta cikin ruwa, ba ya da igwa, sai mashinga guda. Duk wanda ya san ƙarfin igiyar ruwa a mashigin Dover, tsakanin Ingila da Faransa, ya san abin da wannan gudu ke nufi: in ruwa yana gaba da jirgin, rabin ƙarfinsa a kokawa yake tafiya. Dole kwamanda ya tsara tafiyarsa bisa lokacin cikowa da janyewar teku, wani sa'in ya kwantar da jirgin a ƙasan teku ya jira ruwa ya juya.

Gaban jirgin duka na nakiya ne. Bututu shida ne a jere, kowane faɗinsa mita ɗaya, sun ratsa jikin jirgin daga sama zuwa ƙasa a ɗan karkace zuwa baya. Kowane bututu yana ɗauke da nakiya biyu, ɗaya bisa ɗaya, jimla 12, kowace da kilo 120 na abin fashewa. Bututun a buɗe suke, ruwan teku yana shiga yana fita, kuma daga wannan ne duk matsalar jirgin ta samo asali. Da zarar an loda nakiyoyin a tasha, babu wanda zai sake taɓa su daga cikin jirgi. Zurfin da kowace za ta tsaya a ruwa tun a Bruges ake saita shi. Idan kwamanda ya isa wurin da aka umarce shi ya tarar da 'yan sintiri, ba zai iya komawa wani wuri mai zurfi daban ya gyara saiti ba. Ko dai ya jira, ko ya nemi wuri mai kama da na farko, ko ya koma da kayansa.

Yadda ake dasawa kuwa shi ne, a rage gudu, a saki makullin da ke riƙe da nakiyar ƙasa, ta sulale ta ƙasan jirgi haɗe da angarta, wato nauyin ƙarfen da ke riƙe ta wuri ɗaya, har ta zauna a ƙasan teku. A daidai lokacin ne mai kula da ma'aunin jirgi zai shigar da ruwa cikin tanki don maye nauyin da ya fita, in ba haka ba gaban jirgin ya ɗago ya leƙo sama a gaban abokan gaba. Nakiyar tana zaune kan angarta, wani toshi mai narkewa a ruwa yana riƙe da ita. An yi shi ne don ya ba jirgin lokacin yin nisa. Idan ya narke, sai nakiyar ta taso tana warware igiyar waya, har ta kai zurfin da aka saita, nan wata na'ura mai aiki da matsin ruwa ta damƙe wayar. A kanta akwai ƙahoni na dalma, cikin kowane ƙaho da 'yar kwalba mai ruwan batir. Jirgi ya goge ta, ƙahon ya lanƙwashe, kwalbar ta fashe, ruwan ya gangara cikin wani ƙaramin batir busasshe, wuta ta tashi ta kunna nakiyar. Dabara ce mai sauƙi, kuma ba ta cika ƙin tashi ba.

Inda take cin masu ita shi ne wajen toshin nan. Nakiyoyin sun kwana biyu ko uku a jiƙe cikin bututu, jirgi yana girgiza su, toshin kan yi laushi tun kafin a sake su. Tun da bututun a gaba suke, jirgin kan bi ta kan kowace nakiya da ya saki. In ta rabu da angarta da wuri, ƙarƙashin bayan jirgin take tasowa. UC-2, ɗaya daga cikin jiragen nan 15, ya tarwatse kusa da Yarmouth ta Ingila a watan Yuli na 1915, kuma binciken gawarsa ne ya tabbatar wa Ingilawa cewa daga ƙarƙashin ruwa ake dasa musu nakiyoyin da ke fitowa a wuraren da suka share jiya. UC-12 ma nakiyarsa ce ta hallaka shi a bakin Taranto ta Italiya a watan Maris na 1916. Mutanen da ke shiga waɗannan jirage sun san wannan sarai.

Kwamandan UC-5 na farko shi ne Herbert Pustkuchen, a rundunar Flanders, wato ta jiragen nutson Jamus da ke gaɓar Beljiyam, wadda Karl Bartenbach ke shugabanta. A lokacin Ingilawa sun shimfiɗa tarun waya da nakiyoyi a mashigin Dover, har manyan jiragen nutso na Jamus suka daina bi ta nan, suna zagayawa ta arewacin Sikotland. A watan Agusta na 1915 UC-5 ya zama na farko cikin masu dasa nakiya da ya ratsa shingen, ya zuba nakiyoyinsa 12 a bakin Boulogne ta Faransa, tashar da ake sauke sojoji da kayan yaƙin Birtaniya. Jirgin kaya mai suna William Dawson ya taka ɗaya ya nutse.

Wuraren dasawa ba a kan sa'a ake zaɓensu ba. Ingilawa sun tilasta wa jiragen kasuwa bin ƙayyadaddun hanyoyi da aka share, aka sa musu alamomi masu yawo a ruwa da jiragen fitila. Waɗannan alamomi su ne suka zama jagora ga mai dasa nakiya: ya sami fitilar da dare, ya san inda yake, ya kuma san ta nan kowa zai wuce da safe. Ɗaya daga irin waɗannan wurare ita ce ƙofar da aka bari a shingen kusa da Folkestone.

Ranar 17 ga Nuwamba 1915, da tsakar rana, jirgin asibiti Anglia yana dawowa daga Faransa zuwa Dover da sojoji masu rauni kusan 390, ya taka nakiyar UC-5 kusa da wannan ƙofa. Cikin kusan minti goma sha biyar ya nutse. Da yawa daga waɗanda ke ciki suna kwance ne a gado, wasu an yanke musu ƙafa, ba su da halin hawowa sama. Fiye da mutum 130 suka rasu. Wani jirgin kwal mai suna Lusitania, wanda ba shi ne babban jirgin fasinjan da aka nutsar a watan Mayu na shekarar ba, ya tsaya ceto, shi ma ya taka wata nakiyar ya bi bayansa. Anglia fari ne fat, da jar alamar asibiti a jikinsa, kuma yarjejeniyar Hague ta 1907 ta ba irinsa kariya. Amma kariyar ta dogara ne ga a sami ido da zai ga alamar, mutanen da suka dasa nakiyar kuwa sun daɗe da barin wurin. Wata yarjejeniyar ta wannan shekara ta hana dasa nakiya a gaɓar abokan gaba in manufar kawai ita ce tare jiragen kasuwa, sai dai Jamus ba ta amince da wannan sashe ba tun farko, kuma kalmar "kawai" ta bar ƙofa a buɗe ga kowa.

A watan Disamba Pustkuchen ya bar UC-5, daga baya ya koma wani jirgi, UB-29, wanda da shi ya harbi jirgin fasinja Sussex a watan Maris na 1916. Ulrich Mohrbutter ya karɓi UC-5. A fita 29 da jirgin ya yi, an lasafta masa nutsar da jirage kusan 30, girmansu a jimlace ya haura tan 36,000.

Ƙarshensa ba makami ne ya kawo shi ba. Ranar 27 ga Afrilu 1916 ya hau tudun rairayin Shipwash, daura da tashar Harwich ta Ingila, ruwa kuma yana janyewa. Da inji ɗaya da farfela ɗaya, babu ƙarfin da zai ciro shi. Jirgin yaƙin Birtaniya Firedrake ya iso, ma'aikatan suka ɗana abubuwan fashewa don lalata jirginsu, suka faɗa ruwa, aka tsamo su aka kama. Fashewar ta huda jikin jirgin, amma nakiyoyin da ke bututu ba su tashi ba. Aikin da ya rage ya fi kowane haɗari, domin sai da aka shiga aka ɗaure nakiyoyin don kada su sulale yayin ɗagawa, sannan aka zura wayoyi ta ƙarƙashinsa aka ɗago shi da taimakon cikowar teku, aka kai shi Harwich.

Abin da Ingilawa suka samu a hannu ya fi ƙarfen jirgin daraja. Nakiyoyinsu na farkon yaƙi suna aiki ne da wani hannu na ƙarfe da ke yawan ƙin tashi, har jiragen Jamus suka raina su. Nazarin nakiyoyin Jamus da suka kama ya kai su ga ƙera tasu mai ƙahon dalma, wadda ake kira H2, da ta wadata a ƙarshen 1917, ita ce kuma ta mai da mashigin Dover maƙabartar jiragen Flanders. Su kuwa Jamusawa sun ci gaba zuwa samfurin UC II, mai inji biyu, da nakiya 18, da tofido da igwa, amma bututun nakiyarsa har yanzu a jiƙe suke, ba a taɓa su daga ciki.

A damina ta 1916 aka jawo UC-5 cikin Kogin Thames aka ɗaure shi a Temple Pier, jama'ar Landan suna biyan kuɗi suna kallo. A watan Oktoba na 1917 aka kai shi New York a rarrabe, aka haɗa shi a filin shaƙatawa na Central Park, aka rubuta masa sabon suna, "U-Buy-a-Bond", don jawo Amurkawa su sayi takardun lamunin yaƙi.