Kafin Ka Watsa Irin Ciyawa a Filinka

Shuka ciyawa domin dabbobi ta fara karɓuwa a garuruwanmu, tun da burtali ya ƙuntata, wuraren kiwo suka koma gonaki, kuma tsadar harawa da dusa a watan Maris da Afrilu kan sa mai tumaki biyar ya fara tunanin sayar da biyu. Wannan ci gaba ne, ina kuma murna da shi. Abin da ke damuna a matsayina na malamin gona shi ne yadda ake sayen irin. Mutum zai shiga kasuwa ya ce a auna masa tiya biyu ta irin ciyawa, a haɗa masa gamba da kyasuwa da duk abin da mai sayarwa ya ga dama, ya je ya watsa a filin da bai san girmansa ba. In ba ta fito ba sai ya ce ƙasar ce ba ta karɓa ba, alhali sau da yawa ƙasar ba ta da laifi.

'Yan'uwa manoma da makiyaya, tambayar farko ita ce: yaushe kake son filin ya ciyar da dabbobinka? In yanka za ka yi da kaka ka ɗaure ka ɗora a rumfa, kyasuwa da lablab (wani wake ne da ake shukawa domin dabbobi) da wake mai yaɗo irin kanannado sun dace da kai. In kuwa fili kake so wanda zai riƙa tofowa shekara da shekaru, sai ka dubi gamba da sitailo, wani tsiron kiwo ne na dangin wake. Ko wanne ka zaɓa, kada ka bar dangin wake a baya. Ciyawa zalla tana cika ciki, amma idan ta bushe a tsaye sinadarin gina jikin da ke cikinta yakan faɗi ƙasa da kashi 7 cikin ɗari, wanda shi ne mafi ƙarancin abin da tumbin saniya ke buƙata don ya narkar da abinci yadda ya kamata. Shi ya sa ake ganin saniya tana kiwo yini guda da rani, tana kuma ramewa.

An daɗe da gwada wannan a ƙasarmu. A shekarun 1980 cibiyar binciken dabbobi ta ILCA, wadda daga baya ta zama ILRI, ta yi aiki da Fulani a yankin Kachia ta Jihar Kaduna. Ana killace fili mai kamar hekta 4, a kwanar da shanu a ciki su tattake ƙasa su zuba taki, sannan a watsa sitailo nau'in Verano, kimanin kilo 10 a kowace hekta. Da rani sai a riƙa shigar da shanu masu ciki da masu shayarwa na awa biyu zuwa uku a rana. Babban abin da ya ba su wahala shi ne ciyawar daji da ke rigan sitailon tashi ta rufe shi. Maganin da suka samo shi ne a saki shanu a farkon damina su cinye ciyawar, domin a lokacin sun fi son ta, sai sitailon ya samu rana.

Yanzu ga inda kuɗi ya fi salwanta. Ma'aunin da ake bayarwa na iri mai kyau ne, ba na duk abin da ke cikin buhu ba. Irin gamba gashi ne da ƙaiƙayi, ƙwayar da ke ciki kaɗan ce. Ɗauka cewa rabin buhunka ƙaiƙayi ne, sannan a cikin ƙwayoyin da suka rage 30 ne kawai cikin ɗari ke tsirowa. Ke nan a kilo 10 da ka biya kuɗinsu, kilo ɗaya da rabi ne kaɗai zai zama ciyawa. A Amurka, inda mafarauta ke shuka ƙananan filaye domin barewa da talo-talon daji su samu abinci, buhun iri yakan zo da takarda mai nuna tsabtarsa da yawan tsirowarsa, da ita suke lissafi. Mu nan yawanci babu wannan takarda, don haka gwajin ya dawo hannunka.

Gwajin ba ya cin ko sisi. Ƙirga ƙwaya 100 ba tare da zaɓen masu kyau ba, ka jera su a kan tsumma mai laima, ka naɗe, ka ajiye a inuwa kana yayyafa ruwa. Bayan mako ɗaya zuwa biyu ka ƙirga waɗanda suka tsiro. In 80 suka tsiro, bi ma'aunin da aka ba ka. In 40 ne, ka ninka shi. In ba su kai 20 ba, ni shawarata ka nemi wani iri. Abu biyu za ka kiyaye. Irin gamba da aka girbe kwanan nan yakan yi nauyin tsirowa sai ya yi wasu watanni a ajiye. Shi kuma sitailo ɓawonsa na da tauri, sai an tafasa ruwa, an sauke ya ɗan huce, an jiƙa irin na 'yan mintuna an shanya, kafin gwaji da kuma kafin shuka.

Sai girman fili. Hekta ɗaya mita 100 ce tsawo, mita 100 faɗi, kusan eka biyu da rabi. Yawancin filayen da ake ware wa ciyawa ba su wuce rubu'in hekta ba, wato mita 50 kowane gefe. Irin wannan fili kilo biyu da rabi na sitailo ya ishe shi. Lablab kuwa, da ake shuka kilo 15 zuwa 20 a hekta idan shi kaɗai ne, kilo 4 zuwa 5 zai ci. Kuma don Allah a daina awo da mudu a wannan harka. Mudun lablab da mudun gamba sunansu ɗaya, nauyinsu ko kusa. Kai irin wurin mai sikeli sau ɗaya ka san nauyin mudunka.

Kuskuren da na fi gani wajen haɗi shi ne a zuba cikakken ma'aunin kowane iri a fili ɗaya, da tunanin cewa yawa ya fi. Iri uku a cikakken ma'auni, shuka uku ke nan a wurin ɗaya. Za su fito cunkus, sirara, suna ƙwacen laima, a ƙarshe mai saurin tashi, galibi kyasuwa, ta danne sauran, kuma wanda ake dannewa shi ne ɗan waken da ka fi kashe wa kuɗi. Ka raba filin a lissafi. In kana son rabi sitailo rabi gamba, ɗauki rabin ma'aunin kowanne. Ni ma nakan ce a ƙara rage na ciyawar, domin ita ba ta rasa hanyar yaɗuwa. Haka batun taki: supa, mai sinadarin fosfaras, shi dangin wake ke so. Yuriya ciyawa take ƙara wa ƙarfi, ta sake rufe waken.

Kada kuma a cakuɗa manya da ƙanana a ƙwarya ɗaya, domin masu nauyi za su gangara ƙasa su ƙare a gefe guda. Lablab da wake a binne su a layi, zurfin santimita 3 zuwa 5. Sitailo da gamba a gauraya su da busasshen yashi, a watsa rabi ana tafiya gabas da yamma, rabi kudu da arewa, a ja reshen ƙaya a kai. Zurfinsu kada ya wuce santimita ɗaya. A jira damina ta zauna tukuna, domin ruwan farko kan tsirar da ƙaramin iri, fari na mako biyu ya ƙone shi.

Wuri ma yana da nasa hukunci. Abin da ya yi kyau a Kachia ko Zariya ba lallai ya yi a arewacin Maraɗi ko Damagaram ba, inda ruwa bai kai haka ba. A can irin gida ya fi aminci: kyasuwa, gadagi, har ƙarangiya da ake rainawa, musamman a filayen da garmani ya mamaye, bayan an tuge shi kafin ya zubar da 'ya'ya. Masu neman ingantaccen iri a Najeriya su tuntuɓi cibiyar binciken dabbobi ta NAPRI da ke Shika kusa da Zariya, ko malamin gonar ƙaramar hukumarsu.

A shekarar farko a bar gamba da sitailo su zubar da iri kafin a sake musu dabbobi sosai. Da zarar ruwa ya ɗauke, a share kewayen filin faɗin mita 3 ko fiye saboda gobarar daji, a kuma gyara shinge kafin a saki dabbobin gari bayan girbi.