Waiwaye: tsohuwar tambaya kan walwalar mugu da adalcin Allah

Wanda ya buɗe Littafi Mai Tsarki a Zabura ta 37, aya ta 25, zai tarar da dattijo yana cewa tun ƙuruciyarsa har tsufa bai taɓa ganin an yasar da adali ba, balle 'ya'yansa su yi bara. In ya koma baya zuwa Ayuba sura ta 21 sai ya ji akasin haka: mugaye suna tsufa da ƙarfinsu, gidajensu lafiya lau, bijiminsu ba ya barbara a banza, saniyarsu ba ta ɓari, yaransu na ta tsalle-tsalle, su kuma su gangara kabari ba jinya. Masu suka kan tsaya nan su ce littafin ya ci karo da kansa. Amma marubutansa ne suka fara wannan muhawara, kuma ana iya bin sawunta daki-daki.

Tushenta yana Maimaitawar Shari'a sura ta 28, inda ayoyi 14 suka jera albarkar biyayya, 54 suka jera la'anar bijirewa. Alkawari ne da al'ummar Isra'ila baki ɗaya, kan ruwan sama da amfanin gona da nasarar yaƙi. Littafin Karin Magana ya sauko da shi kan mutum ɗaya: 10:27 ta ce tsoron Ubangiji yana ƙara kwana, shekarun mugu kuwa gajeru ne.

Tarihin sarakunan Yahuza shi ya girgiza wannan lissafi. Manassa, wanda 2 Sarakuna 21 ta ce ya cika Urushalima da jinin marasa laifi, ya yi shekara 55 a kan gadon sarauta, ya fi kowa daɗewa. Jikansa Yosiya, wanda ya rushe gumaka ya gyara Haikali, Fir'auna Neko ya kashe shi a Magiddo a shekara ta 609 kafin haihuwar Almasihu, bai kai arba'in ba. Littafin Tarihi, da aka rubuta daga baya, ya kawo abin da Sarakuna bai ambata ba: an kai Manassa Babila a ɗaure ya tuba (2 Tarihi 33), Yosiya kuma bai saurari gargaɗin da ya zo ta bakin Neko ba (sura ta 35). Daga nan kaɗai za a gane yadda abin ya dami masu rubutun.

A wannan zamanin ne Irmiya (12:1) ya kai ƙara gaban Allah kan dalilin da hanyar mugaye take albarka, Habakuk (1:13) kuma ya tambayi me ya sa Allah ya yi shiru mugu yana haɗiye wanda ya fi shi gaskiya. Da Babila ta ci Yahuza, mutane suka riƙa cewa iyaye ne suka ci inabi mai tsami, haƙoran 'ya'ya suka mutu. Ezekiyel 18 ta soke karin maganar, ta ce mai zunubi shi zai ɗauki laifinsa. Sai wata tambayar ta taso, tunda Fitowa 34:7 ta yi maganar alhakin iyaye har tsara ta uku da ta huɗu. Malaman Yahudawa a Talmud, kundin koyarwarsu (Berakhot 7a), suka daidaita su da cewa alhakin yana bin 'ya'yan da suka riƙe aikin iyayensu ne kawai.

Amsar da ta fi tasiri ita ce faɗaɗa lokacin hisabi. Mawaƙi Asaf a Zabura ta 73 ya ce ƙafarsa ta kusa zamewa don hassadar masu girmankai, sai da ya shiga Haikali ya hango ƙarshensu, ya ga a kan santsi suke tsaye. Daniyel 12:2 ta fito fili da tashin matattu, wasu zuwa rai madawwami, wasu zuwa kunya. A Luka 13 Yesu ya ƙi yarda cewa mutum 18 da hasumiyar Siluwam ta faɗa wa sun fi sauran mutanen Urushalima laifi. Bayan an washe Roma a shekara ta 410, malamin Kirista Agustin na Hippo ya rubuta cewa da ana hukunta kowane zunubi a sarari yanzu, da ba abin da ya rage wa ranar shari'a. Da kuma ba a hukunta ko ɗaya, da mutane sun ce babu mai kula da duniya.

Kuskuren masu karatu yakan zo ta wajen rashin duba mai magana. Yawancin ayoyin Ayuba da ke cewa mugu yana girbin muguntarsa nan take daga bakin abokansa Elifaz da Bildad da Zofar suke, kuma 42:7 ta ce ba su faɗi gaskiya game da Allah ba. Wanda ya tsinko ayarsu ya kafa hujja ya ɗauki maganar da littafin ya ƙaryata. Haka ma wanda ya mai da karin magana takardar yarjejeniya: karin magana abin da aka saba gani take faɗa, shi ya sa Mai Hadishi 7:15 ya shaida ganin adali ya hallaka cikin adalcinsa, mugu ya daɗe cikin muguntarsa. Ɓarnar wannan kuskure a kan talaka da majinyaci take sauka, don su ake tuhuma da ɓoyayyen zunubi.

Malaman Musulunci sun fuskanci tambayar da kalmar istidraji, daga Suratul A'araf aya ta 182 da 183, da Suratul An'am aya ta 44, inda aka buɗe wa masu mantuwa ƙofofin komai kafin a kama su kwatsam. Bahaushe ya fassara shi da talala: a ɗaure akuya da doguwar igiya, tana kiwo tana ganin a sake take, alhali ƙarshen igiyar yana jikin turke. Rayuwa mai daɗi da Suratun Nahli aya ta 97 ta alkawarta wa mumini kuwa, malaman tafsiri da dama sun ce wadatar zuci ce, wasu suka ce arzikin halal.