Me Ya Sa Jarumin Katun Ba Ya Cin Faɗa A Karon Farko?

A gidan yayata da ke cikin birnin Katsina, da zarar an taso daga Islamiyya yara huɗu ke dunƙulewa kan waya ɗaya suna kallon katun ɗin 'yan faɗa. Can sai ka ji ƙaramin ya daka tsalle daga kan tabarma, ya haɗa tafin hannuwa yana ihu. Ita kam ta gaji. Ta ce mini, "Kai da ka san kan abin, me suke gani a ciki? Kullum faɗa, kullum labari ɗaya." Tambayoyin da ke ƙasa nata ne, sai ɗaya da babban ɗanta ya jefo.

Da gaske labarin ɗaya ne ake maimaitawa?

Ƙashin bayansa ɗaya ne, nama ake canzawa. Yaro ne marar gata, sau da yawa maraya, yana da wata baiwa da bai san kanta ba. Ya haɗu da tsohon malami mai wuyar sha'ani, ya sha horo, ya tara abokan tafiya, ya yi ta karawa da abokan gaba, kowane ya fi na baya, har ya kai ga babban mugun da yaranmu ke kira bos.

Tushen abin tsoho ne. A Sin akwai labaran jarumai masu yawo da takobi da ake kira wuxia, akwai kuma littafin Journey to the West na ƙarni na 16, labarin wani malami da ya tafi yamma neman littattafai tare da biri mai sanda. Daga wannan birin Akira Toriyama na Japan ya ɗauko Goku, jarumin Dragon Ball, wanda ya fara fitowa a mujalla a 1984, ya hau talabijin a 1986. Shi ya sa Goku yana yaro yake da wutsiya da sanda mai miƙewa. Mu ma ba baƙi ba ne a wannan gini: baƙo ya iso Daura da dare, ya tarar maciji ya hana ɗibar ruwa a Kusugu sai ran Juma'a, ya sare shi, gari ya waye ana neman wanda ya yi aikin.

To me ya sa sai an lakaɗa masa duka tukuna?

Don in ya ci a karon farko labari ya mutu. Kayen farko shi ne ma'auni: yana nuna wa yaro nisan da ke tsakanin jarumi da bos, sai sauran labarin ya zama na cike wannan rata. Daga nan horo ke shigowa, kuma a nan ne mai kirkin cikin waɗannan finafinai ke bambanta da na banza. Malamin ba ya fara koya masa naushi. Ɗebo ruwa, share fili, ɗauki kaya ka hau dutse. Yaron ya yi ta ƙunƙuni yana ganin an mai da shi bara, sai ran faɗa ya gane ashe share filin nan shi ne tsayuwar ƙafar da ke hana a kada shi. Duk wanda ya taɓa zama gaban maƙeri ko tela ya san wannan. Wata nawa ake yi ana zuga zugazugi kafin a ba ka guduma?

Akwai kuma dokar da ba a faɗa: malamin ba ya gama faɗan ƙarshe. Ko ya tsufa, ko ya ji rauni, ko ya mutu a tsakiya. Dole yaron ya tsaya shi kaɗai.

"Kawu, don me suke kiran sunan dukan kafin su yi? Ai abokin gaba zai kauce!"

Gaskiyarka, a faɗan gaske wauta ce. Amma yawancin na Japan a takarda aka fara zana su, hoto ba motsi ba sauti, sai sunan dukan da aka rubuta da manyan haruffa ya zama shi ne ƙarar. Da aka koma talabijin aka riƙe al'adar, don yara na haddacewa su kwaikwaya. Kamehameha ɗin da ƙaninka ke ihu da shi, wato dukan Goku, sunan wani sarkin tsibiran Hawai ne.

Je ka filin dambe ka gani. Ɗan dambe ya naɗe kara a hannu, makaɗi na zuga shi, ya ɗaga hannu ya yi kirari, ya faɗi wanda ya kashe da inda ya kashe shi, alhali turmin kansa ba ya daɗewa. Cire kirarin da kiɗan, rabin masu kallo sun watse.

Me ya sa faɗa ɗaya ke cin kashi biyar, ana ta surutu da kallon-kallo?

Nan maganar kuɗi ce da lokaci. Kowane kashi minti 22 zuwa 24 ne, kuma a da duk mako sai an fitar da sabo. Fim na tafiya da hoto 24 a daƙiƙa ɗaya, amma masu katun na talabijin a Japan, tun daga Osamu Tezuka a 1963, sun saba da zane takwas kacal a daƙiƙa, wani lokacin ma ƙasa da haka. Fuska a tsaye, baki kawai ke motsi, iska na kaɗa gashi: wannan arha ne. Tsalle da juyi a sama su ne masu tsada, sai a adana su don 'yan daƙiƙun da suka fi muhimmanci.

Ga kuma wata matsala. Talabijin ya fi mai zanen mujalla sauri, in aka kusa cim masa sai a ja labarin kamar danƙo, ko a cusa wani da ba ya cikin asali. Dragon Ball Z kashi 291 ne, daga 1989 zuwa 1996, kuma a cikinsa ne aka ce saura minti biyar wata duniya ta fashe, minti biyar ɗin suka cinye makonni. Ni dai a nan nake tura shi gaba.

Faɗan da suke yi na gaske ne ko shaci-faɗi?

Wutar da ke fita daga hannu ƙarya ce, tsayuwar kuwa wani lokacin gaskiya ce. Avatar: The Last Airbender, wanda tashar Nickelodeon ta Amurka ta nuna daga 2005 zuwa 2008 a kashi 61, ya ba kowace daga al'ummomin labarin huɗu, masu sarrafa ruwa da ƙasa da iska da wuta, salon faɗan Sin na haƙiƙa: masu ruwa Tai Chi, masu ƙasa Hung Gar, masu iska Bagua, masu wuta salon Shaolin na arewa. Don haka tun kafin mutum ya buɗe baki, motsinsa ya gaya maka halinsa. Mai ƙasa ya kafe ba ya ja da baya, mai iska sai zillewa.

Ya aka yi mugun jiya ya zama aboki yau?

Tsohuwar ƙa'ida ce a gidan. Piccolo da Vegeta na Dragon Ball duk da niyyar kashe Goku suka fara. Zuko na Avatar ya daɗe yana farautar jarumin don ya sami yardar ubansa, a ƙarshe shi ya koya masa sarrafa wuta. Marubuci ya sha wuya ya gina mutum, yara sun so shi, ina amfanin binne shi?

In bar su su ci gaba da kallo ke nan?

Ba duka ba. Wasu an yi su don 'yan shekara bakwai, wasu don samari, da jini da shigar da ba ta dace ba, kuma duk katun ne a ido. Akwai ruhohi da sake haihuwa da sunkuya wa gumaka, abubuwan addinan can. Yaron da ya san Gizo da Dodo na tatsuniya ne zai gane wannan ma in an gaya masa, amma sai an gaya masa.

Na ce mata, Yaya, zauna ki kalli kashi biyu da su, musamman inda jarumi ya kada abokin gaba. Ki duba abin da yake yi da wanda ke kwance: taka shi yake yi yana dariya, ko hannu yake miƙa masa. Ta ce to, amma sai na fara raba ta da ƙaramin, wanda jiya ya gwada Kamehameha a kan tulun ruwa.