'Yar'uwa, Ki Faɗa Wa Likita Irin Aikin Da Kike Yi

A cikin ɓargon ƙashi jiki yake haɗa jini. Akwai sinadaran da suke yi wa ɓargon nan illa sannu a hankali, shekara da shekaru, har ya fara fitar da gurɓatattun ƙwayoyin jini. Ita ce sankarar jini. 'Yar'uwarta kuma, wato sankarar kaluluwa, tana kama kaluluwa, a wuya ko hamata ko matsematsi.

Na gaba-gaba a cikin sinadaran nan shi ne benzin, wanda yake cikin fetur da wasu nau'o'in gam da ruwan tsinka fenti. Hukumar binciken sankara ta duniya, IARC, ta daɗe da tabbatar da cewa yana jawo sankarar jini. Mace mai zuba mai a gidan mai ko mai liƙa takalma tana shaƙarsa kullum, har hancinta ya daina jin warin, alhali huhu bai daina ɗauka ba. Fomalin ma yana cikin jerin: ana amfani da shi a ɗakin gwaje-gwaje, akwai shi kuma a wasu mayukan miƙar da gashi, zafin na'urar gyaran gashi ne yake tayar da tururinsa. Maganin ƙwari mai suna lindane, a 2015 hukumar ta ce yana jawo sankarar kaluluwa. Sai hasken ɗaukar hoton ƙashi. Irène Joliot-Curie, masaniyar kimiyya 'yar Faransa da ta yi shekaru tana aiki da irin wannan haske, sankarar jini ce ta yi ajalinta a 1956.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda alamomin suke ɓuya. Mace ta ce tana yawan kasala, ta yi fari fat, sai a ce jinin al'ada ne ko wahalar gida, a ba ta maganin ƙarin jini ta tafi. To idan aka haɗa da zazzaɓi mai dawowa, zufar dare, rama, dasashi mai zubar jini, ko kaluluwar da ta yi makonni ba ta saɓe ba kuma ba ta ciwo, ki nemi a yi miki gwajin ƙidayar ƙwayoyin jini. Ko likita bai tambaya ba, ki gaya masa abin da kike taɓawa a wurin aiki da shekarun da kika yi a kai.

Ba duk mai wannan aiki ce take kamuwa ba, yawan shaƙa da tsawon lokaci ne suke ƙara haɗarin. Ki buɗe tagogi, kada ki wanke hannu da fetur, kada ki ci abinci kusa da kayan aiki. Safar hannu da takunkumi kuwa, sau da yawa girman maza ake sayowa. Idan sun yi miki yawa, ki nemi mai wurin ya kawo daidai ke.