Kwantar da tsohuwar mota ƙasa: abin da doka take nema kafin ka taɓa sifirin da shokazoba

Wata sha'awa ta shigo wa matasanmu a karkarar Kano da Jigawa. Sai a ɗauko tsohuwar motar da aka gada, Pijo 504 ko Marsandi ƙirar da, a yi mata sabon fenti, sannan a kai ta gareji a ce wa bakanike ya kwantar da ita ta kusanci ƙasa irin motocin tsere na Turai. Kyau kam tana yi, kuma ina jin daɗin ganin an farfaɗo da motar da ta yi wa iyayenmu hidima. Amma ƙafar mota ce take riƙe da ran wanda ke ciki da na wanda ke gefen titi, shi ya sa hukuma take da ta cewa a kanta.

Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, FRSC, an kafa ta ne a 1988. Dokar da take aiki da ita yanzu ta 2007 ce, sai ƙa'idojin zirga-zirgar ababen hawa na ƙasa na 2012. Cikin laifukan da dokar ta jera akwai hawa titi da mota marar lafiya, akwai tuƙi da taya da ta cinye, akwai fitilun da ba sa aiki yadda ya kamata. Ka lura da kyau: jami'in da ya tare ka a hanyar Wudil zuwa Gaya ba sai ya tambaye ka ko ka rage tsayin motar ba. Abin da gyaran ya haifar shi zai gani, kuma shi ne laifin.

To me yake haifarwa? Sifirin shi ke ɗauke da nauyin mota, shokazoba kuma shi ke hana ta ci gaba da rawa bayan ta faɗa rami, ya danne taya ta zauna a ƙasa. Tare kamfani ya auna su. Idan ka sa gajeren sifirin ka bar tsohon shokazoba, ka tilasta masa aiki a matse, kusa da ƙarshen tafiyarsa, don haka ba ya jimawa yake fara zubar da mai. Shokazoba in ya mutu taya tsalle take yi a kan titi, tayar da ke sama kuwa birki ba ya kama ta, sitiyari ma ba ya juya ta. Haka nan kwantar da mota yana karkata tsayuwar taya, sai ka ga cikinta ya cinye tas alhali wajenta kamar sabo. In gaba da baya ba su sauka daidai ba, hasken fitila ko dai ya koma bakin bamba, ko ya tashi ya kashe wa mai tahowa ido.

Mafi muni shi ne yankan sifirin da giranda, ko gasa shi da wutar walda har ya lanƙwashe ya zauna. Wuta tana kashe ƙarfin ƙarfen, ya zama mai saurin karyewa. Wanda aka yanke kuma ba ya zama daram a mazauninsa, ranar da motar ta yi tsalle a kan tudun rage gudu yana iya gocewa. Duk bakaniken da ya ce maka wannan ce hanya mai sauƙi, gaskiya ya faɗa game da kuɗi, amma motar ta fita daga sahun masu lafiya tun kafin ta bar garejin. Ni dai ban ga uzurin da za a kawo a nan ba.

Wanda ya ga lallai sai ya yi, akwai hanyar da ba za ta haɗa shi da hukuma ba. Ya nemi sifirin da aka ƙera musamman don ƙirar motarsa, ya saye shi tare da shokazoban da aka yi don wannan tsayin, kada mai shago a Ƙofar Ruwa ya ce masa na wata mota ma zai shiga. Shiga daban, dacewa daban. A canza dama da hagu lokaci guda. Ragin kada ya wuce santimita 3 ko kusa da haka. A tsohuwar mota a fara duba robobin ƙafa, domin sau da yawa su ne suka ruɓe suke sa ta lilo, ana canza su sai mai ita ya ga ashe ba ya ma buƙatar kwantar da ita. Bayan aiki a yi alaimen, wato daidaita tsayuwar tayoyi, a saita fitila. Sannan mutum ya tuna inda yake zaune: hanyar burji, yashi, da zaizayar damina. Kaskon baƙin mai da salansa su ne za su fara dukan ƙasa. Pijo 504 da aka daɗe ana haɗawa a Kaduna ta yi suna ne saboda doguwar ƙafarta mai haɗiye ramuka, ita ce ma ta lashe tseren Safari na Gabashin Afirka a 1975. Abin takaici ne a raba ta da abin da ya sa ta dace da ƙasarmu.

Sai batun takardu. Shaidar lafiyar mota da ofishin VIO na jiha, wato masu duba lafiyar motoci, yake bayarwa tana magana ne a kan motar yadda take ranar da aka duba ta. In ka sauya ƙafarta bayan nan, takardar tana hannunka, amma abin da ta shaida ya canza. Abin da ya fi shi ne ka mayar da ita a sake dubawa. Wasu suna kafa hujja da hukuncin da babbar kotun tarayya ta yanke a Abuja a Oktoban 2024, wanda ya hana jami'an VIO na birnin tarayya tare motoci da cin tara. Wancan magana ce ta wa ke da ikon tarewa a Abuja, bai sauke wa kowa nauyin kula da lafiyar motarsa ba, kuma FRSC na nan a kan manyan hanyoyi, a Kano ga KAROTA, hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa ta jihar.

Inshora ma da ruwanta a ciki. Mafi ƙarancin wadda doka ta wajabta ita ce mai biyan ɓarnar da ka yi wa wani. Tun 1 ga Janairun 2023 kuɗinta ya koma naira 15,000 a shekara ga motar gida, tana biyan har naira miliyan 3 na dukiyar da ka lalata, amma ba ta gyara taka motar. Mai cikakkiyar inshora kuwa, ƙa'idar ita ce ya sanar da kamfani duk canjin da zai iya ƙara haɗari. Idan ya ɓoye, aka yi karo, aka tarar da yankakken sifirin, kamfani ya samu ƙofar ƙin biya. In kuma an rasa rai, maganar ta wuce tara, ta koma gaban alƙali, inda za a tambayi wanda ya taɓa ƙafar motar da wanda ya ba da umarnin taɓawa. Don haka ka ajiye rasit ɗin kayan da ka saya da na alaimen tare da sauran takardun motar, ka kuma sanar da kamfanin inshorarka a rubuce kafin ka fito da ita titi.